Su wane ne suka kaɗa kiɗan tsofaffin waƙoƙin nan da ba a rubuta sunayensu ba?

Ɗan Mai Garmaho ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman ƙarin haske daga iyayenmu da yayyenmu da suka san tarihin tsofaffin waƙoƙin Amurka da Ingila, musamman waɗanda aka yi tsakanin 1960 da 1972. Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya gafarta masa, an buɗe wani akwatin ƙarfe da ya daɗe a ƙuryar ɗakinsa, sai aka tarar da faya-fayan garmaho jere a ciki, kowanne a cikin jakarsa ta takarda, wasu ma har ya rubuta sunansa a jiki da biro. 'Yan'uwana ba su nuna sha'awa ba, don haka suka bar mini su. Na kai garmahon wurin mai gyara ya sauya masa allura, kuma yau kusan wata uku ke nan ina sauraronsu bayan sallar isha'i.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, akwai faya-fayai masu baƙar takarda a tsakiya da aka rubuta wa Tamla Motown, kuma mawaƙansu daban-daban ne, akwai Temptations, akwai Supremes, akwai Four Tops, akwai Marvin Gaye. Muryoyinsu ba su yi kama da juna ba ko kaɗan, amma idan na kasa kunne ga kiɗan da ke ƙarƙashin muryar, musamman jitar nan mai kaurin amo da ake kira bes, sai in ji kamar hannun mutum ɗaya ne yake tafiya da dukkansu. Na duba takardun ɗaya bayan ɗaya, na ga sunan mawaƙi da manyan baƙaƙe, na ga sunan wanda ya rubuta waƙar da ƙanana, amma ban ga sunan makaɗi ko guda ba. Shin kunnena ne yake yaudarata, ko kuwa da gaske mutane ɗaya ne suke yi wa dukkan waɗannan mawaƙa kiɗa? Idan haka ne, su wane ne, kuma me ya sa aka ɓoye su?

Baba Mai Rediyo ya rubuta:

Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa Aljanna ce makomarsa. Ɗana, kunnenka bai yaudare ka ba. Hannun da kake ji a mafi yawan waɗannan faya-fayai na wani mutum ne mai suna James Jamerson, kuma shi da abokan aikinsa su ne ake kira Funk Brothers.

Berry Gordy ya kafa kamfanin Motown a birnin Detroit a 1959 da rancen dala 800 da ya karɓa daga asusun danginsu. Kafin nan ya taɓa aiki a masana'antar haɗa motoci ta Ford, kuma tsarin da ya gani a can shi ne ya kawo cikin sana'ar waƙa: wasu su rubuta, wasu su kaɗa, wasu su rera, kowa da matakinsa. Makaɗan da ya tara yawancinsu 'yan kiɗan jaz ne da ke kwana a gidajen rawa na Detroit, kuma wurin aikinsu wani gareji ne da aka mayar ɗakin ɗaukar sauti a bayan gidan kamfanin da ke titin West Grand Boulevard. Sau da yawa sukan gama kiɗan waƙa tsaf tun kafin mawaƙi ya zo ya ɗora murya. Earl Van Dyke ne a kan fiyano, Benny Benjamin da Uriel Jones da Richard Allen a kan ganguna, Robert White da Joe Messina da Eddie Willis a kan jita, Jack Ashford kuma da ɗan bandirinsa mai kacau-kacau.

Idan akwai My Girl ta Temptations a cikin akwatin, wadda ta fito a ƙarshen 1964, ka sa ta ka saurari farkonta da kyau. Bes ce take buɗe waƙar ita kaɗai, tana bugawa kamar bugun zuciya, kuma Jamerson ke nan. Sai jita ta shigo tana hawa mataki-mataki kafin mawaƙin, David Ruffin, ya buɗe baki, kuma Robert White ke nan. Jamerson da ɗan yatsa ɗaya tal yake kaɗa duk abin da kake ji, wato manuniyarsa ta dama, kuma an san shi da ƙin sauya tsirkiyar jitarsa sai idan ta tsinke, domin a ganinsa tsufan tsirkiyar ne yake ba amon kauri. Shi ya sa sautinsa yake fita a dunƙule, ba ya ƙara irin ta sabon ƙarfe.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da za su ƙara maka daɗin sauraro. Takun da ake ji a farkon Where Did Our Love Go ta Supremes a 1964 ba ganga ba ne, wani matashi ne mai suna Mike Valvano yake taka katako da ƙafafunsa. A Nowhere to Run ta Martha and the Vandellas a 1965 an yi amfani da sarƙar da ake ɗaura wa tayar mota lokacin ƙanƙara, ana kaɗa ta tare da ganga. Shi kansa Marvin Gaye da ka ambata da kiɗan ganga ya fara a kamfanin, kuma shi ne ya kaɗa ganga a Please Mr. Postman ta Marvelettes a 1961, waƙar Motown ta farko da ta hau matsayi na ɗaya a babban jadawalin waƙoƙin Amurka.

Batun ɓoye sunaye kuwa, ni a ganina akwai son kai na kasuwa a ciki. Kamfanin ya san waɗannan mutane su ne sirrin amonsa, ba ya son wasu kamfanoni su san su balle su janye su, har tara ake cin wanda aka kama ya je yi wa wani kamfani kiɗa. Duk da haka sukan saci jiki su tafi, kuma waƙar Jackie Wilson ta 1967, Higher and Higher, wadda aka ɗauka a Chicago, Jamerson da wasu 'yan'uwansa ne suka kaɗa ta. Sai a 1971 Marvin Gaye ya sa aka jera sunayensu a bangon kundinsa What's Going On. Shekara guda bayan haka kamfanin ya kwashe ya koma Los Angeles, ya bar yawancinsu a Detroit. Jamerson ya bi su can, amma al'amura ba su yi masa kyau ba, ya rasu a 1983 yana da shekara 47, kuma 'yan kwanaki kafin rasuwarsa aka sace jitar da ya yi duk wannan aiki da ita.

Akwai labarin da ba na mantawa, wanda Allan Slutsky, marubucin tarihinsu, ya bayar a fim ɗin da aka yi a kansu a 2002. Suna zaune da Robert White a wani gidan abinci sai aka sako My Girl. White ya ɗago da murna zai gaya wa mai kawo abinci cewa shi ne mai jitar nan, sai ya yi shiru, domin ya san ba za a yarda da shi ba. Ya rasu a 1994, shekara goma kafin a ba ƙungiyarsu lambar girmamawa ta Grammy, babbar kyautar mawaƙa ta Amurka, a 2004. Hausawa suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Makaɗin Jita ya rubuta:

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni mai koyon jita ne, kuma ina son in ƙara da cewa ba a Detroit kaɗai aka yi haka ba. A Los Angeles ma akwai wasu makaɗan haya da daga baya aka riƙa kira Wrecking Crew, kuma lamarinsu ya fi ba ni mamaki, domin su Temptations ba su taɓa cewa su makaɗa ne ba, mawaƙa ne kowa ya sani. A Los Angeles kuwa za ka ga hoton samari a bangon faifai kowa riƙe da jita, alhali ba su ne suka kaɗa abin da ke ciki ba.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Mr. Tambourine Man ta ƙungiyar Byrds, wadda aka ɗauka a watan Janairun 1965. Cikin su biyar, McGuinn kaɗai aka bari ya taɓa kayan kiɗa, da jitarsa mai tsirkiya 12, saboda furodusan ya ga sauran ba su goge ba tukuna. Hal Blaine ne ya kaɗa ganga, Larry Knechtel ya kaɗa bes. Wannan Knechtel ɗin dai shi ne mai fiyanon da ke ɗauke da Bridge Over Troubled Water ta Simon da Garfunkel. Haka kuma yawancin kiɗan kundin Pet Sounds na Beach Boys a 1966 waɗannan mutane ne suka yi shi, Brian Wilson, jagoran ƙungiyar, yana tsaye a kansu yana faɗa wa kowa abin da yake so.

Shi Hal Blaine ya isa a tsaya a kansa. Bugun gangar da ya buɗe Be My Baby ta Ronettes a 1963 nasa ne, kuma da bakinsa ya ce kuskure ne ya haifar da shi, ya tsallake bugu ɗaya, sai ya ci gaba da maimaita kuskuren don kada a gane. Waƙoƙin da suka ci kyautar Grammy ta faifan shekara sau shida a jere, daga 1966 zuwa 1971, duka shi ne a kan ganga, ciki har da Strangers in the Night ta Frank Sinatra da Mrs. Robinson ta Simon da Garfunkel. Akwai kuma mace a cikinsu, Carol Kaye, wadda bes ɗinta ce take buɗe Wichita Lineman ta Glen Campbell a 1968, kuma shi kansa Campbell makaɗin haya ne a cikin wannan tawaga kafin ya zama mawaƙi mai sunan kansa.

Da na fara koyon waɗannan waƙoƙi ina ɗauka masu sauƙi ne, sai da na zauna ina mayar da wuri ɗaya sau da yawa ina ƙoƙarin bin bes ɗin Bernadette ta Four Tops, yatsuna biyu suka kasa abin da aka ce yatsa ɗaya ne ya yi, sannan na san girman mutanen nan.

Malamin Tarihi ya rubuta:

Ina yi wa Baba da ƙanina Makaɗin Jita godiya, amma ina son mu yi hattara a wurare biyu, don kada son da muke yi wa makaɗan nan ya kai mu ga wuce iyaka.

Na farko, ba kowace waƙa ba ce ake da tabbacin wanda ya kaɗa ta. Ita Bernadette da aka ambata tana cikin waƙoƙin da Carol Kaye ta ce ita ce ta kaɗa bes ɗinsu a Los Angeles, tare da I Was Made to Love Her ta Stevie Wonder, alhali makaɗan Detroit da mafi yawan masu nazarin Motown sun tsaya a kan cewa Jamerson ne. Ni kaina na fi karkata ga Jamerson, amma abin lura shi ne wannan jayayya ta samo asali ne daga rashin rubuta sunaye tun farko. Hatta sunan Wrecking Crew, Kaye ta daɗe tana musanta shi, tana cewa ba a kira su da shi ba a lokacin, Blaine ne ya yayata shi daga baya.

Na biyu, ba duka abin ba ne zalunci. Makaɗan Los Angeles suna da ƙungiyar ƙwadago, ana biyansu a kan kowane zama na awa uku, kuma wanda ake rububinsa yakan yi zama uku ko huɗu a yini. Kamfani kuma yana biyan kuɗin ɗakin ɗaukar sauti ne da awa, don haka ya fi masa sauƙi ya kira wanda zai karanta takardar kiɗa ya gama nan take a kan samarin da za su yini suna gwaji. Inda aka cuce su shi ne rashin kaso a cinikin faifai, da kuma sunan da ya kamata ya bi su har tsufa. Clyde Stubblefield, mai gangar James Brown, misali ne mai ciwo: ɗan guntun kiɗan da ya yi shi kaɗai a Funky Drummer, wadda ta fito a 1970, mawaƙan zamani sun yi ta yankarsa suna gina waƙoƙinsu a kai, shi kuwa ba ya cikin masu haƙƙin waƙar, har ya rasu a 2017.

Sannan kada mai tambaya ya ɗauka kowa haka yake. 'Yan ƙungiyar Beatles ta Ingila su suke kaɗa kayansu, sai dai su ma akwai baƙi a wasu wurare. Love Me Do ta 1962 sau uku aka ɗauke ta da masu ganga uku, Pete Best, sai Ringo Starr, sai wani makaɗin haya mai suna Andy White. Hanyar gane ta White mai sauƙi ce: idan ka ji kacau-kacau a ciki, to ita ce, domin a ranar abin da aka miƙa wa Ringo ke nan. A Eleanor Rigby ta 1966 babu ɗan Beatles ko ɗaya da ya taɓa kayan kiɗa, masu gogen Turawa takwas ne. Eric Clapton ya kaɗa jita a While My Guitar Gently Weeps a 1968 ba tare da an rubuta sunansa ba, amma a 1969 sun sa sunan Billy Preston, mai fiyano, kusa da nasu a faifan Get Back. Kuma tunda mu 'yan Nijeriya ne da yawa a nan, kundin Band on the Run na Paul McCartney, tsohon ɗan Beatles, a Legas aka ɗauki mafi yawansa a 1973, kuma da yake mai gangarsa ya ajiye aiki gab da tafiya, shi McCartney ne ya zauna a kan gangunan da kansa.

Hajiya Uwar Ɗaki ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Na karanta duk abin da aka rubuta, na ga ana ta maganar masu jita da masu ganga, amma ba a taɓo 'yan amshi ba, waɗanda yawancinsu mata ne, kuma abin da aka yi musu ya fi muni, domin su muryarsu aka ɗauka aka ba wasu.

He's a Rebel ta hau matsayi na ɗaya a Amurka a 1962 da sunan ƙungiyar Crystals, alhali Darlene Love ce ta rera ta tare da ƙawayenta na Blossoms, furodusa Phil Spector ne ya buga ta da sunan wasu. Ku duba halin da ya jefa ɓangarorin biyu: mai muryar ba ta da suna, masu sunan kuma dole su hau dandali su kwaikwayi muryar da ba tasu ba, alhali waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. A Motown ɗin da ƙanina yake tambaya a kai akwai mata uku da ake kira Andantes, wato Jackie Hicks da Marlene Barrow da Louvain Demps, kuma muryoyin mata da kake ji sama-sama a bayan Four Tops nasu ne. Someday We'll Be Together ta 1969, faifan ƙarshe da Diana Ross ta fitar da sunan Supremes, sauran 'yan ƙungiyar biyu, Mary Wilson da Cindy Birdsong, ba su cikinta sam. A wannan shekarar ce kuma aka taso Merry Clayton cikin dare, tana da juna biyu, ta je ta rera wa Rolling Stones ɓangaren da ya fi ratsa jiki a Gimme Shelter, da aka tashi rubuta sunanta a bango sai aka yi kuskure aka sa Mary.

Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya mun san wannan ciwo ta wata fuska. Muna yara mun ɗauka jarumar da ke rawa ita ce mai waƙar, sai da muka girma muka ji sunan Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi. Waƙar da ta fito da Lata a fim ɗin Mahal na 1949, a jikin faifan sunan Kamini aka rubuta, wato sunan matar da ke cikin labarin fim ɗin. Kuma idan muka waiwayo gida, kowa ya san Alhaji Mamman Shata, amma mutum nawa ne a cikinmu zai iya kawo sunan masu kalangunsa ko 'yan amshinsa uku? Ni ban cire kaina ba, kuma abin yana damuna.

Ɗan Mai Garmaho ya rubuta:

Baba, Malam, Hajiya, da ɗan'uwana Makaɗin Jita, Allah ya saka muku da alheri. Daren jiya na nemo My Girl na sa ta, na ɗaga allurar na mayar da ita farko har sau biyar don in raba bes da jita kamar yadda Baba ya kwatanta, kuma na ji su sarai, kowanne da inda ya shigo. Na ɗauki biro na rubuta James Jamerson da Robert White a jikin jakar faifan, ƙarƙashin inda mahaifina ya sa sunansa. Na kuma tarar da Soul Man ta Sam da Dave, kuma a tsakiyarta na ji mawaƙin ya kira sunan wani Steve. Sannan akwai faifan Jim Reeves, He'll Have to Go, wanda ya fi kowanne sudewa, alamar shi marigayin ya fi sa wa. Ina son in san wannan Steve ɗin, da kuma wanda ya kaɗa fiyanon faifan Jim Reeves, domin in rubuta su su ma.

Baba Mai Rediyo ya rubuta:

Madalla, ɗana. Steve Cropper ne, mai jitar ƙungiyar Booker T. and the M.G.'s, waɗanda su ne makaɗan gida na kamfanin Stax a Memphis. Su sun fi na Detroit sa'a, domin sun fitar da faifai da sunan kansu, Green Onions, tun a 1962, kuma baƙaƙe da farare ne suke aiki tare a lokacin da wariyar launin fata take da ƙarfi a kudancin Amurka. Cropper ne ya rubuta The Dock of the Bay tare da Otis Redding, shi ne kuma ya ƙarasa haɗa ta bayan hatsarin jirgin sama ya kashe Redding ranar 10 ga Disamba, 1967.

Faifan Jim Reeves kuwa a Nashville aka ɗauke shi a 1959, Chet Atkins ne furodusa. Mai fiyanon Floyd Cramer ne, kuma muryoyin da ke yi wa Reeves amshi a hankali na tawagar Anita Kerr ne. Tunda ka ce faifan ya sude, kada ka riƙa mayar da allura a kansa kamar yadda ka yi wa na Temptations. Ka goge shi da ƙyalle mai laushi, ka ajiye shi a tsaye nesa da rana, domin zafi yana lanƙwasa su.